Fatar Maiɗakina Ta Biyo Bandeji, Saura Cinya Ɗaya

Zuwa ga Shugaban Asibitin da Aka Yi wa Maiɗakina Dashen Fata, a birnin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan kai da iyali da ma'aikatanka kuna lafiya. Ban ambaci sunan asibitinku ba, don ba tozarci na zo yi ba. Amma sau uku ina zuwa ƙofar ofishinka ana ce mini kana taro. Shi ya sa na rubuto ta inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya karanta maka.

Ni manomin rani ne daga wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Maiɗakina Binta sana'arta turara shinkafa. Bayan girbin da ya wuce, tana kwashe shinkafa daga ganga sai dutsen murhu ya goce, tafasasshen ruwa ya sheƙo mata a ƙafar dama, tun daga idon sawu har yatsu. Wata biyu muna zaryar wankin ciwo a ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Gefe-gefe ya warke, tsakiyar ta ƙi rufewa, sai aka turo mu wurinku.

Ba zan ɓoye alheri ba. Likitanku ya yanko fata siririya daga cinyarta ta hagu, ya tsattsaga ta kamar raga, ya shimfiɗa a kan ciwon, aka naɗe. Kowa ya ce aiki ya yi kyau. Ƙorafina daga nan ya fara.

Na farko. Kwana uku da yin aikin, ranar Alhamis, aka sallame mu, wai ana bukatar gadon. Aka miƙo mini takarda da Turanci, Turancin ma irin na likitoci. Ni na yi firamare, ina karanta Hausa da boko da ajami, amma wannan takarda ko malamin makarantar garinmu da na kai wa daga baya sai da ya yi ta juya ta. Abin da aka faɗa mana da Hausa kalma huɗu ce: a dawo ranar Litinin.

Na biyu, kuma shi ne mai ɗacin faɗa. Daga Kura muka shiga adaidaita sahu, muka bi ta bakin kanal ɗin ban ruwa, kafin mu isa gida bandejin ya yi ja da ƙura, ga jini ya ɗan ratso ta sama. Binta mace ce da ba ta wasa da salla. A asibiti taimama take yi da ɗan dutse, don tana ganin tana da uzuri. Amma a wurinmu, in aka ce an sallami mutum daga asibiti, to an warke ke nan. Da la'asar ta yi sai ta ce ba za ta fuskanci Ubangijinta da ƙyalle mai jini ba, a kwance mata ta yi alwala kamar kowa. Ban musa ba, don ni ma haka na gani. Ni na ɗauko buta da ruwan ɗumi. Ni na warware bandejin. Ƙyallen ƙarshe ya manne, na jiƙa shi, na ja a hankali. Fatar ta biyo shi, kamar yanar da ke kan kunu in ya huce. Na tsaya riƙe da ita a hannu ban san ko mece ce ba, sai da Binta ta kalle ta ta ce mini ai fatar cinyarta ce.

Har yau in na ɗauki buta sai gabana ya faɗi. Ban yafe wa kaina ba, kuma ba na neman wani ya ɗauke mini laifina.

Na uku. Da muka koma, wani matashin likita ya tsayar da ni a gaban mutane ya ce jahilcin 'yan ƙauye ne ke ɓata musu aiki. A ranar ne na fara jin cewa fatar da aka dasa ba a buɗe ta sai bayan kamar kwana biyar, ba a jiƙa ta, ba a motsa ta, sai jijiyoyin jini sun kama ta daga ƙasa. Ranka ya daɗe, shekara talatin ina dashen shinkafa da tumatir. Na san iri in aka dasa shi ba a taɓa shi sai ya kama. Da wani ya faɗa mini haka da Hausa, wallahi ko ƙuda ba zai sauka a ƙafar nan ba. Da na kai wa limaminmu maganar, ya ce ai shafa kawai za ta yi a kan bandejin, sallarta ta yi. Ilimi biyu ke nan, ɗaya a wurinku, ɗaya a masallaci, duk sai bayan ɓarna suka iso mana. Ina tambaya: wanda bai sani ba da wanda ya sani ya yi shiru, wa ya fi cancanta a kira da wancan suna?

Na huɗu. An ce za a sake aikin, kuma sau uku ana ɗagawa. Sau ɗaya babu wuta, sau ɗaya likita ya yi tafiya, na ukun ma ba a ba mu dalili ba. Yau sati bakwai ciwon yana buɗe. Ya fara wari, yatsunta sun fara ɗagewa sama saboda naman yana tattarewa. Wata nas mai tausayi ta ja ni gefe ta ce in ya kai ƙashi, maganar ba ta dashe ba ce kuma, ta yankewa ce. Ban faɗa wa Binta ba. Ita lissafinta yaushe za ta koma wurin shanya, don da ƙafa ake juya shinkafa a rana.

Ga abin da nake roƙo. A sa mana rana guda tabbatacciya a cikin satin nan, kada a sake ɗagawa. A bar ta a gado har a buɗe bandejin farko a gaban likita, ni na yarda in zauna a baranda. Sannan duk wanda za ku sallama bayan irin wannan aiki, a zaunar da shi da mai jinyarsa a yi musu bayani da Hausa, a kuma ambaci alwala da sunanta. Mutanenmu za su iya manta shan magani, amma ba za su manta salla ba.

Na roƙi likita ya ɗebi tawa fatar, ya ce ta wani ba ta zama a jikin wani. Ke nan daga jikinta za a sake yanka. Cinyar hagu har yanzu ba ta gama warkewa ba, ni na zubar da fatar da aka yanko daga gare ta. Saura ta dama. Ina roƙonka don Allah, kada shirunku ya haɗu da rashin sanina mu sake ɓata wannan.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon sauke amanar da ke wuyanka, ya tsare ƙafafun iyalinka.

Wassalam.

Garba, mijin Binta mai turara shinkafa.