Inna, Na Ba Talatu Taɓarya

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ɗiyarki ce Hadiza.

Inna, jirgi ya faɗo mana a birni. Irin mai saukar ungulun nan, mai fanka a ka. A bakin titi ya faɗo da rana tsaka, ya kama da wuta, na ciki duk suka tafi, har da mutanen da ke ƙasa suna neman abincinsu. Gari ya yi tsit. An rufe shaguna, masallatai sai addu'a, rediyo sai karatu, kowa ka gani ido ja.

Cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai Sani mai gyaran babur, ɗan maƙwabciyata Talatu. Wuta ba ta bar abin da za a nuna wa uwa ba, haka aka rufe su. Tun ranar Talatu ba ta yi kuka ba, ba ta kai loma baki ba. Tana zaune ta zuba wa ƙofa ido. Masu gaisuwa su shigo, su ajiye katan ɗin biskit, su fita. Ni kuwa tsoro ya kama ni, kar mu rasa ta ita ma.

Sai na tuna ki.

Kin tuna garinmu Ƙofa, tun Turawa ba su tafi ba? Ranar da jirgi ya fara wucewa ta saman gidanmu kika ja ni muka shige ƙarƙashin rumbu, Baba yana ta yi mana dariya har hularsa ta faɗi.

Hular nan ce aka kawo miki daga Riruwai, lokacin da ramin kuza ya rufta da shi. Babu gawa, sai hula da gorar ruwa. Ke ma haka kika zauna kamar icce, ko ƙifta ido ba kya yi.

Sai ga Yaya Fulani mai kawo mana nono. Ba ta ba ki haƙuri ba. Ta jiƙa gero, ta jawo turmi har gabanki, ta damƙa miki taɓarya, ta ce ki daka wa mijinki gumbar sadaka da hannunki. Matan unguwa suka kewaye ki suna karɓa, sai lugude ke tashi. Can sai muka ji kukanki ya fashe. Har kika tsufa kina cewa, "Da ba ta ba ni taɓaryar nan ba, da na haukace."

To Inna, yanzu komai inji ake kaiwa. Sai da na zaga gida-gida kafin na samu turmi, shi ma an kife shi ana zama a kai. Na wanke, na jiƙa gero, na kai gaban Talatu, na miƙa mata taɓarya. 'Yan matan gidan suna kallona kamar tsufa ya taɓa ni.

Ta daɗe tana kallon taɓaryar. Sannan ta miƙe. Bugu kaɗan ta yi ta kira sunan Sani, ita da ba ta taɓa faɗar sunansa ba saboda alkunya. Muka riƙe ta, muka yi ta kuka tare.

Da la'asar ta gutsiri gumbar ta ci, har ta ce sukarin bai ji ba.

Allah Ya jiƙanki Inna, Ya jiƙan Baba da Yaya Fulani, Ya jiƙan Sani da duk waɗanda jirgin nan ya tafi da su. Ya sanyaya zuciyar iyayensu.

Taki har kullum,
Hadizan Inna