Baba, An Zuba Kankare a Ƙofar Rani

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Haruna na Yara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifinta, da roƙon Allah Ya yalwata maka makwanci, Ya sa kana cikin ni'ima. Na san babu motar da ke kai wasiƙa inda kake. Na rubuta ne don na rasa mai saurarona a cikin masu rai, kuma ka san ni, magana ba ta kwana a cikina. Wanda ya ga dama ya karanta, wataƙila a cikin masu karatun a sami wanda Yaya Sani yake jin nauyinsa.

Baba, maganar gonarka ce ta hanyar Nasarawa. Yaya Sani ya sake mata shinge, shingen kuma ya tare wa shanun amininka Baffa Buba hanyar rafi. Ga rani ya kankama. Ina tsoron kada abin nan ya ƙare da jini, ko na ɗanka ko na 'ya'yan Baffa, kuma duk wanda ya zuba a ciki namu ne.

Bari in fara da yabon Yaya, kada ka ce na zo da tsegumin da na saba. Aikin ya yi kyau, wallahi. An haƙa ramuka, an zuba kankare, an ɗaga kowanne sama da ƙasa kamar taƙi guda, aka zaftare kansa don ruwa ya riƙa gangarewa. A tsakiyar kankaren an dasa wani ƙarfe mai baki biyu, dirkar itacen ta zauna a kansa, aka ɗaure ta da noti. Itace bai taɓa ƙasa ba, danshi bai same shi ba, gara kuwa in ta fara gina hanyarta a jikin siminti ana ganinta a murje ta da ƙafa. Damina guda ta wuce a kansa, ko dirka ɗaya ba ta sunkuya ba. Har 'yan acaɓa tsayawa suke yi suna ɗaukar hoto.

Kuma yana da hujjarsa. Shekarar da ka rasu babu wanda ya duba shingen, gindin dirkoki ya ruɓe, suka kwanta, shanu suka shiga suka tashi da rogon gaba ɗaya. Ga dillalan filaye daga Abuja, waɗanda in suka ga gona babu shinge sai su fara auna ta da ido tun daga cikin mota. Yaya ya ce ba zai zauna yana kallo a cinye guminka ba. A wannan ban ga laifinsa ba.

Amma na tuna naka shingen.

Na tuna yadda kake babbake gindin kowace dirka a wuta, ka shafa mata baƙin mai, ka kafa, ka daddanna ƙasa da diddige. Duk da haka kafin damina biyu gara ta gama da ita. Ina yi maka dariya, ina cewa kai da gara kamar kun yi yarjejeniya, kai ka kafa ita ta ci. Sai ka ce, "Bar ta ta ci, Uwani, ita ma baiwar Allah ce." Ni kuwa in tafi ina gunguni, ina cewa in na girma zan yi maka katangar bulo ka huta.

Na tuna ranar da ake gama kwashe dawa. Za ka aika wa Baffa Buba, ku tafi kusurwar gabas ku biyu, ku riƙa girgiza dirkoki. Waɗanda suka ruɓe da hannu ɗaya suke fita. Shi ke nan an buɗe ƙofar rani. Shanu su shiga su ci kara, su ratsa ta gonar su gangara rafi su sha, su dawo su bar mana taki. Ƙurar da suke tayarwa da la'asar har a kan tuwonmu take sauka, Inna tana faɗa kana dariya.

Idan kuma hadari ya fara haɗuwa, sai ga Baffa da 'ya'yansa ɗauke da sababbin dirkokin ƙirya a kafaɗa, daga daji suka saro su. Ku rufe ƙofar tare. Matarsa Gwaggo Dudu ta dama fura a gindin mangwaro. Duk wani ɓacin rai na shekara a nan ake amayar da shi: saniyar wa ta taka kunyar wa, yaron wa ya jefi ɗan maraƙi. Na sha jin muryarku ta ɗaga har in tsorata, in ɓuya bayan Inna, can kuma sai in ga ludayi ɗaya yana yawo a tsakaninku.

Duk wannan Yaya bai gani ba, Baba. Yana makarantar kwana, daga nan sai aiki a Abuja. Da hutun damina yake zuwa gona, lokacin shinge a rufe yake ruf, shi haka ya san shi. Da ya tashi aikinsa sai ya bi ramukanka ɗaya bayan ɗaya, ya cika su da kankare, har da na kusurwar gabas. Na kira shi tun siminti bai bushe ba, na ba shi labarin ƙofar rani. Ya ce, "Uwani, kin cika tsohon yayi. Za a yi get daga baya." Yau an girbe dawa, an kwashe, kara ya bushe a tsaye, bayan nan ba ta zo ba.

Da notin ne kawai, da ni kaina na ari sifana na kwance. To, saboda ɓarayin itacen girki, Yaya ya ɗauko mai walda daga Sabon Gari ya liƙe kowane noti da wuta. Ka ga ɗan naka, in ya yi abu ba ya barin ƙofa ko ta kunya.

Ba za ka gane wajen ba yanzu. Gonar Alhaji da ke kudu da mu ta zama gidaje, an zagaye su da katanga mai waya a kai. Ta arewa ma an yanka ta filoti-filoti. Tsohon burtalin ya shige cikin harabar wani gidan mai. Taka gonar ce kaɗai ta rage tsakanin rugar Baffa da ruwa. Yanzu sai yaran Baffa su kora shanu su bi gefen kwalta, su yi dogon zagaye cikin tireloli. Makon jiya wata ta buge musu saniya mai ciki, direban ko tsayawa bai yi ba.

Tun daga ranar abubuwa suka canza. Gwaggo Dudu, wadda tun ina goye take sauke ƙwaryarta a tsakar gidanmu, yanzu wuce ƙofarmu take yi ta shiga maƙwabta. Na tare ta a kasuwa na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi Inna, amma idonta yana kan faifan nononta har na tafi. Kunya ce ko fushi, ban sani ba. Na dawo gida ban iya cin abinci ba.

Na je gonar da kaina. Na tarar da samarin ruga a bakin shingen, sun dogara da sandunansu, shanu a bayansu sun miƙa wuya suna shaƙar iskar rafi. Ba su taɓa wayar shingen ba, kallo kawai suke yi. Yaran nan ni na riƙa ba su alewa, yau na yi musu sallama babbansu ne kaɗai ya amsa, shi ma a ciki-ciki. A jikin dirkar kusurwa na ga saran adda guda ɗaya, sabo, itacen ya yi fari a wurin. Wanda ya yi shi bai yi niyyar karya ta ba. So yake a gani.

Da labarin saran ya kai wa Yaya, sai ya ce zai kawo 'yan banga su tare a gonar. A teburin mai shayi na bakin layinmu kuwa, samarin da ba su taɓa riƙe fartanya ba su ne suka fi kowa zafi, kowa yana faɗin abin da zai yi in an taɓa gonar Malam. Sunanka suke kira, Baba, suna wasa wuƙa da shi. Na je wurin Kawu, ya ce Sani ne babba, ni mace ce, in yi haƙuri. Mai unguwa ya ce zai zaunar da Yaya da Baffa in ya dawo daga tafiya. Kowa yana da lokaci, shanu ne kawai ba su da shi.

Jiya bayan la'asar muka ji hayaniya a waje, masu keke suna ta danna oda. Na leƙa. Baffa Buba ne a ƙasa, ya ratso gari tun daga ruga, yana janye da shanu. Ka tuna jar karsanar da ka ba shi kiwo ina firamare? Zuriyarta ce, duka, har da ɗan maraƙin da bai gama tsayawa da ƙafafunsa ba. Ya ɗaure su a bishiyar ƙofar gida. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, bai shiga ba. Na kawo masa ruwa, mutumin da ya yi wannan tafiya cikin rana, ya ce ya gode, bai karɓa ba.

Ya tsufa ƙwarai, Baba. Ya ce, "Uwani, ga dukiyar Malam. Ku duba da kyau, babu wadda ta rame. Yarana sun daina jin maganata. Ba na son ranar da ke tafe ta same ni da amanar Malam a hannuna." Ya ɗaga hannu ya yi maka addu'a, ya shafa, ya juya. Na bi shi har bakin titi ina kiran Baffa, Baffa, bai waiwayo ba.

Inna tana tsaye a bayan ƙyaure, ta ji komai. Ta ajiye carbinta ta ce, "Ba a dawo da amana sai za a rabu."

Na kira Yaya ina kuka. Ya ce, "To ai shi ke nan, an rabu lafiya," kuma ranar Asabar yana tafe da mutanensa. Na je wurin mai waldar, ya ce yanke notin ba komai ba ne a wurinsa, amma ba zai sa hannu a shingen ba sai da izinin mai shi.

Don haka ka yafe mini abin da zan faɗa. Ka bar mana wasiyya kada a raba gonar nan, mu ci tare. Yau da safe na je wurin liman na ce a raba. Na ce ba na son wajen mangwaro, ba na son bakin hanya mai daraja, a ba ni kusurwar gabas da zirin da ya gangara rafi. In ya zama nawa, zan sa a yanke ƙarfen in buɗe. Na san Yaya zai iya daina yi mini magana har abada, kuma ina son sa, shi ya goya ni zuwa makarantar allo. Gara ya yi fushi da ni yana raye.

Sai dai rabon gado ba ya ƙarewa kafin Asabar. Liman ma ya faɗa mini haka. Saboda haka ranar zan ɗauki tabarmata tun da hantsi in je in zauna a gindin dirkar nan, tsakanin mutanen Yaya da yaran Baffa. Dukansu sun san fuskata. Ban sani ba ko hakan zai isa, kuma ina jin tsoro, Baba, tsoro sosai.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya sanyaya zuciyar Yaya Sani, Ya riƙe hannun yaran Baffa Buba, Ya hana shaiɗan wurin tsayawa a gonarka. Ya Allah, kada Ka sa in aiko wa Baba da kowa a wannan rani.

Shanunka suna ƙofar gida. Na zuba musu dusa da ruwa, sun ƙi taɓawa. Sun juya fuska wajen ruga, kuka kawai suke yi.

Wassalam.

'Yarka mai kewarka,
Uwani