Maganin da Na Zuba a Kunu

Sevran, 18 ga Nuwamba 2012

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida na Damagaram. Ya ƙafar Inna? Ya aikin ginin? Mu nan lafiya lau, sai sanyi da kewarka, ko da yake 'yarka Najla ta ce faɗanka muke kewa. Alasan zai taso zuwa gida jibi, shi zai kawo maka takardar, shi ya sa na zauna in rubuta abin da ba ya faɗuwa ta salula. Ka san gidan nan, in na yi tari a madafa ana ji a ɗaki.

Maganar Yayan Najla ce. Kada ka yi mini dariya, ko a takarda hannuna ba ya iya rubuta sunan ɗan fari. Tun da ya dawo daga Amurka ba shi da sukuni. An rufe wasan bezbol ɗin da yake yi, na jifan ƙwallo a buga da sanda, sai bazara, kuma Najla ta ce yanzu ne manyan ƙungiyarsu ke zaune suna tankaɗe da rairaya. Masu jifa irinsa sun yi musu yawa, ga sababbi sun ɗauko. Wasu za a sabunta musu kontira su ci gaba da wasa, wasu a sallame su ta waya. Ka tuna rigimar da kuka yi da ya bar lakkol, ya ajiye karatu saboda wasan nan. In suka sallame shi, ba takarda ba sana'a, sai zaman gindin bene a unguwar Beaudottes, kuma ka san abin da samari ke sayarwa a can. Wannan ne ke hana ni cin abinci.

Ranar Juma'a Alhaji Moussa ya zo gaishe mu, ya miƙa masa dabino, yaron nan ya karɓa da hagu. Na ji kamar in nutse. Na tura Najla ta ja masa kunne, ta dawo ta ce wai mantuwa ce. Daga nan na fara lura. Buta da hagu, ƙofa da hagu, ƙanƙarar firigo kuma kullum ta ƙare. Shekaranjiya na wuce ƙofarsa ba a rufe take sosai ba, na gan shi ya tsoma gwiwar hannun dama cikin bokitin ƙanƙara, ya ciji leɓe, idonsa a rufe. Da hannun nan yake jifa, Malam. Bai gaya wa kowa ba, kuma na tabbata ƙungiyar ba ta sani ba.

Kai ne mai zaunar da shi ka tambaye shi, ga ka nesa. Ni ba a rene ni in tsare ɗan fari da tambaya ba, tun yana goye nake kau da kai. Don Allah ka je wurin mai maganin nan na Birni da ya warkar da kafaɗar ƙanenka Rabi'u. Ka karɓo na sha, don na shafawa sai an yi magana. Ka ba Alasan in zai dawo, ni na san yadda zan yi.

Ka gaida Inna da kyau, ka kuma rage shan shayin nan.

Taka,
Rékia


Sevran, 9 ga Janairu 2013

Malam,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana lafiya, Inna ma ta samu sauƙi. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Jiya layi ya yanke ban gama maka bayani ba. Tun da Alasan ya kawo garin maganin nan nake zuba shi cikin kunun safe, tsamiya na ɓoye ɗacin. Yana shanyewa tas, har ya ce wa Najla kunun bana ya fi daɗi. Na ga ya fara ɗaukar cokali da dama, na yi ta godiya ga Allah, har na ce a raina Rékia kin iya.

To, makon jiya mura ta kama shi. Najla ta kawo masa siro na tari, ya juya kwalbar yana karanta ƙananan rubutun, ya mayar mata. Ya ce shi ko maganin mura ba ya sha sai likitan ƙungiya ya yarda, don ana awon fitsari da jini, in aka ga abin da aka hana, ba a tambayar wa ya ba ka. Ya ce wani abokin ɗakinsa ta haka aka kore shi, babu ƙungiyar da ta sake kallonsa. Ina tsaye da ludayi a hannu yana wannan magana. Sai ya ƙara da cewa tsakiyar watan nan za su auna shi a wani asibiti a Lyon, wakilin ƙungiyar zai zo, daga nan su yanke maganar kontira.

Shi ya sa na tashe ka ka koma wurin mai maganin. Ka ce ya ƙi faɗar abin da ke ciki, wai sirrin gado ne. Sirrinsa ya fi rayuwar ɗanka? Abin da ya ƙara kashe mini jiki shi ne maganar Rabi'u, da ya ce wasunsu na daka ƙwayoyin farmasi su haɗa da saiwa don a ga saurin aiki. Kuma ai ya yi saurin aiki. Na daina zubawa, amma ban san ko abin na zama cikin jini ba, ba ni da wanda zan tambaya. In na gaya wa Najla, kafin in rufe baki ta kai masa.

Na sha tsayawa bakin ƙofarsa, in ɗaga hannu, in sauke. Me zan ce? Cewa na leƙa shi? Cewa na san abin da yake ɓoyewa? Tsoro nake ji, Malam, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka yi mini aiki. Na ce masa zan bi shi Lyon in ga ƙanwata Shamsiya a Rillieux. Cikin jirgin ƙasa ba inda zan gudu, a nan zan gaya masa in Allah ya yarda.

Ka sa Inna ta yi mana addu'a, amma kada ka ce mata ta mece ce.

Taka,
Rékia


Sevran, 20 ga Fabrairu 2013

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da kowa da kowa. Ka yi ta kira ina ce maka lafiya lau. Ba lafiya ba ce, ga yadda aka yi.

Ban gaya masa a jirgi ba. Ya saya mini kafe, ya gyara mini kujera, ya sa abin jin waƙa a kunne ya yi barci, ni kuwa ina kallon gonaki har muka shiga Lyon. A gidan Shamsiya ma na kasa. Washegari na ce zan raka shi asibitin, ya yi mamaki amma bai hana ni ba.

Da aka shiga da shi, na ga wata ma'aikaciya ta bi bayansa da ɗan kofin roba na awon fitsari. Wakilin ƙungiyar na zaune kusa da ni, dattijon Baturen nan da ya gano shi tun yana jifa a filin unguwa, mai fara'a. Abin da na kasa faɗa wa ɗan cikina, sai ga shi ya fito mini da sauƙi gaban baƙo. Na ce in an ga wani abu a awon, laifina ne, ni na zuba masa maganin gida bai sani ba. Na fito da sauran garin na ba shi. Ya kwantar mini da hankali, ya ce za a duba. Sannan ya tambaye ni a hankali: “Maganin me, Madam?”

Na ce na hannu. Ya ce wane hannu, tun yaushe. Na zayyana masa komai, har bokitin ƙanƙara, ina ganin ceton yaro nake yi. Ya yi mini godiya, ya tashi ya shiga wurin likita. Awon da aka ce na safiya ne ya kai la'asar, don sun ƙara da hoton gwiwar hannu, wanda da ba ya cikin tsari.

Garin nan ba komai cikinsa, Malam. Saiwa ce da ɓawon itace. Jininsa ma tas ya fito. Hoton ne ya nuna jijiyar ta fara tsagewa. Makon jiya suka kira, yana tsaye a falo, ya ce musu to, na gode. Sun ba wani yaro gurbinsa.

Najla ta yi kuka ta ce da shi na gaya wa, da sai ya ce wa likita ya sha jiƙon gida, a auna, a wuce wurin, hannun kuma ya huta kafin bazara. Shamsiya kuwa ta ce gara da aka gani kafin ta tsinke a fili. Ban san wadda ta fi gaskiya ba, kuma ba ta da amfani yanzu.

Bai ɗaga mini murya ba. Yana gaishe ni da safe, yana ɗauko mini kaya daga kasuwa. Amma tun ranar Lyon bai sa komai na tukunyata a baki ba, ko ruwa shi ke ɗiba da kansa a famfo. Da yamma yana sauka ƙasa, ina hango shi ta taga tsaye da samarin nan, hannu cikin aljihu, kuma kowace rana yana ƙara daɗewa.

Ka bar ginin nan ka taho. Jiya na ajiye masa tuwo bakin ƙofa, na ji ya buɗe, ya daɗe tsaye, sannan ya kira ƙanwarsa ya ce: “Najla, ki ce wa Mama na gode, na ƙoshi.”

Ka gaida Inna. Allah ya kawo ka lafiya, kuma da wuri.

Taka,
Rékia