Wushiryarki Ba Ta Aikin Komai

Zuwa gare ki, sanyin idanuna, raɓar safiyata, inuwar da nake fakewa in rana ta take,

Yau kwana goma sha tara da aka sallamo ki daga asibiti kika wuce gidan Yaya, kika aiko mini cewa tunda likita ya cire mahaifar, ba ki da sauran amfani a gidana. Amfani! Wayyo, da kalmata kika soke ni.

Na san laifina. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da ilimin halittu, ina raba allo biyu: gaɓa a hagu, aikinta a dama. Zuciya, harba jini. Ƙoda, tace shi. Mahaifa, ɗaukar ciki. Kin sha zama kusa da ni kina miƙo mini takardun jarrabawa, kina kallo ina soke duk amsar da ta kauce wa wannan. Ashe haddacewa kike yi!

To, rabin gaskiya malamin naki ya faɗa. Allon nan abin da gaɓa take yi ya sani, bai san darajar mai ita ba. Kin tuna ranar da ruwan sama ya tare ki a ɗakin gwaje-gwajenmu, kika tsare ni sai na faɗa miki aikin wushiryarki? Ba ta tauna, ba ta yanka, sai dai ta riƙe zaren nama. Amma da kin yi murmushi sai in ji kamar an buɗe taga a ɗaki mai zafi. A wane ɓangaren allo zan rubuta wannan?

Na rasa sukuni, farin watana. Falo ya ƙi ni, ɗaki ya ƙi ni. Jiya na rubuta mahaifa a allo, alli ya ƙame a hannuna, ɓangaren dama ya zauna fayau har aka tashi.

Na so 'ya'ya, ba zan yi miki ƙarya ba, na yi kuka. Amma ke na aura, kuma ke nake kewa.

Ranar Asabar da hantsi zan zo ɗaukar ki, da filo biyu saboda ɗinkin, don hanyar gidan Yaya duk ramuka ce. In kin ce ba ki shirya ba, zan koma in dawo Asabar ta gaba, da wadda ke bin ta.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
Mijinki.