Shanun Babana Suna Cikin Kaset

Malam Oumarou mai filin shawarwari,

Don Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a unguwar Bukoki, amma mutumin ƙasar Tawa ne. Bara waccan na je hutu gida da ƴar kamerata mai ƙaramin kaset, na ɗauki babana a bakin rijiya yana kiran shanunsa da suna, kowace tana ɗago kai tana tahowa. Wallahi wasa na ɗauki abin. To farin bana ya share garken, ko maraƙi bai bari ba. Tun daga nan tsoho ya daina magana, abinci sai an yi da gaske. Ƙanwata Indo ta kira ni tana kuka, ta ce abu ɗaya ya roƙa, a nuna masa shanun da na kama cikin ƙarfe.

Akwai tele guda a ƙauyenmu, a shagon mai janareto. Sai na ce bari in gyara fim ɗin, in yanke inda hannuna ya girgiza, in sa a faifan DVD. Na je wani butik na masu sayar da ordinatar, wato kwamfuta, na ce ina son ta montaj, wato ta gyaran fim. Mai butik, Kabiru, ya ce na zo gidanta. A gabana ya ɗauko akwati ya harhaɗa kayan ciki, ni kuwa ina ta murna kamar sakarai.

Na kai gida, innalillahi! Babu ramin da wayar kamerar za ta shiga. Na juya ta gaba da baya, babu. Na koma da gudu, mutumin ya dube ni ido cikin ido, wai ai montaj na nema, montaj ya yi mini, tun da shi ya haɗa ta da hannunsa!

Abokina Isaka ya ce tun da sojoji ke mulki, in kai Kabiru gaban masu kaki, yini ɗaya za su gyara masa zama. Matata ta ce in nemi ƙarama ta hannu. Ni dai tsorona kada in tsaya neman ordinatar, a kira ni a ce tsoho ya tafi. Yaya zan yi?

Ɗan makiyayi, Bukoki

Ɗan makiyayi,

Allah ya ba mahaifinka lafiya, ya mayar masa da alheri.

Ka bar zancen masu kaki. Kalmar nan baki biyu gare ta, gyaran fim montaj ne, haɗa inji ma montaj ne. Kabiru ya yi sakaci da bai tambaye ka aikin da za ka yi ba, kai ma ba ka kai masa kamerar ya gani ba. Kuma ba ka yi asara ba, don haɗaɗɗiyar ordinatar buɗe ta ake a ƙara mata kaya, abin da ta hannu ba ta cika yarda da shi ba. Koma wurinsa da ordinatar ɗin da kamerarka cikin lalama. Ya sa maka katin FireWire, shi ne ramin da ka rasa. Memuwar, wato ƙwaƙwalwarta, ta kai giga biyu ko fiye, ya ƙara diski na biyu, don kaset na awa ɗaya yana cin wajen giga goma sha uku. Ka tabbata tana buga DVD, ka haɗa da ondilar, akwatin batir mai riƙe wuta, saboda ɗaukewar kuran. Kaset ɗin kuwa, tura ɗan makullinsa yau don kada ya gogu, ka raba shi da rana.

Amma duk wannan aikin bayan ka dawo ne. Duba kwalin kamerarka, akwai waya mai kai uku, rawaya da fari da ja. Ita ke haɗa kamera da tele kai tsaye, ba ruwanta da ordinatar. Ka nemi izini a lakwal, ka yi cajin batir, ka kama motar Tawa gobe.

Kada ka yanke komai. Inda kake ganin hannunka ya girgiza, wataƙila nan saniyar da ya fi so ta wuce. Ka zauna kusa da shi, in ya fara kiran sunayensu ka ƙyale shi ya kira har ya gama.

Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka same shi zaune.

Malam Oumarou