Inna Ta Je Gaida Uwar Mai Kirifto

Kwaya, ranar Talata

Yaya Zouera,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina yara, ya jikin maigidanki? Mu nan ƙalau muke, in ban da raina da yake a ɓace.

Kin san bajimin da marigayi Baba ya bar mini. Ina so in sayar da shi in zuba kuɗin a kirifto, wato kuɗin intanet. Wani Mamuda ɗan garin Waca ne wakilin masu kirifton. Ya turo mini hotonsa jikin sabuwar mota, ya ce abin da ka zuba wata guda ya ninka. Na karance bayaninsu kaf. Ni da na koya wa kaina boko a jikin kwalin magani, wa zai yi mini wayo?

Amma Inna ta kafe. Wai ko akuya ba ta ba mutum kiwo sai ta ga garkensa ta gaida mahaifiyarsa. Na ce mata intanet ba shi da uwa, ta ce ai Mamuda yana da ita. Jibi za ta ja ni Waca ta kunyata ni. Don Allah ki kira ta.

Ƙanenki,
Hudaifa

Kwaya, ranar Lahadi

Yaya Zouera,

Ina gaishe ki da yara, Allah ya ƙara wa maigida sauƙi. Kin kyauta da ba ki kira ba.

Mun je. Uwar Mamuda, Baba Ladi, ta tarbe mu da fura. Dangarta ta faɗi, turke uku babu ko ɗan akuya. Da Inna ta tambayi inda dabbobin suke, Baba Ladi ta ce ɗanta ya sayar ya zuba, wata huɗu ke nan, kuma duk ranar da ya nemi cirewa sai a ce ya fara biyan kuɗin buɗe konti, wato asusunsa. Can sai ga Mamuda ya shigo a ƙafa. Motar ashe ta wani ce da ya tarar a tasha. Shi ma cuta aka yi masa: an ce ba zai ga nasa ba sai ya kawo mutum biyar, ni ne na uku. Na buɗe baki zan wanke shi tas, Inna ta take mini ƙafa.

Ranar Juma'a shafinsu na intanet ya ɓace ɗungurungum da kuɗin jama'a.

Yaya, jiya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na ɗaura wa bajimina garma, muka huɗe gonar gyaɗa kafin azahar, ina tafe ina yi masa kirari kamar sabon kamu. Har goshinsa na sumbata. Inna kuwa dariya kawai take yi in mun haɗa ido, kuma wannan ya fi bulala zafi.

Kwana uku ke nan ban yi gardama da kowa ba, har maƙwabta sun fara shigowa dubiya.

Ƙanenki mai gaishe ki,
Hudaifa