Ƙwayoyin da Na Aika wa Baba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da Baba da Inna kuna lafiya. Waya ba ta shiga wajenku, shi ya sa na ba direban motar kasuwa wannan takarda.

A asibiti an ajiye ni a ɗakin waɗanda maciji ya sara. Na ga aikin allurar kashe dafi da idona. Damina ta faɗi, Baba kuma ba ya sa takalmi a gona. Don Allah in wani abu ya faru, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotse. A hana ƙafar motsi, a kawo mutum nan. Saran kububuwa mayaudari ne: mutum yana hira, alhali jininsa ya daina daskarewa.

Na san Baffa ba zai ji daɗin wannan magana ba. Ba raina maganinsa nake yi ba.

Ƙanwarka,
Auta

*

Babbar likita, ranki ya daɗe,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, mun sha karatu. Jiya-jiya aka ba ki farar riga, har kin fara koya wa Baffa maciji? Mutumin da tun kafin a haifi Inna ake kwantar masa da masu sara a zaure? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Kowa lafiya, sai Baba da zazzaɓi ya ɗan taɓa, ga ciwon gaɓoɓi. Farasitamol bai yi masa komai ba. Ki aiko da mai ƙarfi. Ki rubuta yadda za a sha da hannunki a bayan ambulan, kin san halin tsohon, ba ya haɗiyar ƙwaya sai ya ga rubutun autarsa.

Inna na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ni nas ce, ba likita ba, na sha faɗa maka. Ga ƙwayoyin: ɗaya da safe, ɗaya da yamma, bayan ya ci abinci. Wannan magani yana tsinka jini, don haka in yana da gyambon ciki, ko ka ga jini a dasashinsa ko a fitsari, kada ya sha ko ɗaya. Hankalina bai kwanta ba, ba a son ba da magani ba a ga mutum ba. In bai ji sauƙi ba ku kawo shi.

Allah ya ba shi lafiya.
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Daga bakin gadon Baba nake rubuto maka, tunda ranar da na zo ɗaukarsa ka bi ta ƙofar baya.

Direba ne ya tsaya a bakin asibiti yana yi mini sannu. Ya ce, "Malama, ya ƙafar tsoho? Kububuwar nan ba ta da imani. Amma tunda ke kika ce a bar shi a gida, ai kin san abin da kike yi." Na ce wace kububuwa? Sai ya kashe mota.

Bari in faɗa maka abin da na tarar, don kada ka ce ba ka sani ba. Baba kwance a zauren Baffa, ƙafar ta kumbura har cinya, an ɗaure ta da robar taya, an yi mata tsaga a wuri bakwai, kowace tsaga tana ɗiga. Matashinsa ya jiƙe da jinin baki. A gefen tabarma ga ambulan ɗina, saura ƙwaya biyu a ciki.

Da muka iso na ɗebi jininsa a kwalbar gilashi, na ajiye minti ashirin kamar yadda ake gwadawa. Da na karkata ta, ya zubo kamar ruwa. An ɗaura masa allurar, aka sake ɗaura ta biyu. Washegari jinin ya daskare. Dafin ya saki, Yaya. Ko bayan kwanakin nan allurar ta yi aikinta. Amma naman da roba ta shaƙe ba ya dawowa. Likita ya ce za a cire ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Ranar da ka rubuto mini "kowa lafiya" saran ya riga ya kwana. Ka sa na aika wa ubana abin da zai ƙara masa zubar jini. Me ya sa?

Auta

*

Auta,

Sallama. Ban san ta inda zan fara ba.

Baba ne ya fara cewa a kai shi wajenki, tun a gona. Har na samo babur. Sai Baffa ya tsaya a ƙofar zaure ya ce, "Ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya za ku wuce da shi ta gabana? To ku haƙa kabarina tukuna." Jama'a sun cika ƙofar gida suna kallo. Ke kina can, ni ne nake gaishe shi kowace safiya. Ni ne zan zauna da su.

Baba ya ƙi kwanciya, kullum sai ya ce a kira Auta. Shi ne na ce masa na aika miki, kin ce a bar wa Baffa, ga ma ƙwayoyi kin haɗo. Da ya ga rubutunki sai ya kwanta. Gargaɗin da kika yi ban karanta masa ba. Na ɗauka kwana biyu zai miƙe, magana ta mutu.

Na roƙe ki don girman zumunci, kada ki faɗa masa yanzu. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ki rufa mini asiri.

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. An yi aikin, ya farfaɗo, ya sha ruwa.

Ɗazu ina canza masa bandeji ya riƙe hannuna. Bai tambayi ƙafar ba. Cewa ya yi, "Auta, ashe maganin yana nan a firjinku. Me na yi miki kika ce kada a kawo ni?"

Ban faɗa masa ba. Ban kuma ce ni ce ba. Na ce Yaya na nan tafe a motar kasuwa, shi zai ba ka amsa.

Na ajiye maka kujera a gefen gadon. Duk motar da ta tsaya a waje, sai ya ɗaga kai.

Auta